Wa Zai Riƙe Hannun Baƙon Likita?

Kwanakin baya wani ƙanena na unguwa ya kira ni daga Manchesta, murya cike da murna. Ya ci jarabawar PLAB ta biyu da ake yi wa likitocin waje, hukumar likitocin Birtaniya, wato GMC, ta yi masa rajista, har wani asibiti a arewacin Ingila ya ba shi aiki. Na taya shi murna, na yi masa addu'a, sannan na tambaye shi wa ya sani a asibitin da zai je. Ya ce, "Yaya, ai muna da guruf a WhatsApp, mun kusa ɗari biyu." Na ce masa ban tambaye shi guruf ba. Ina nufin mutum guda, babba a wurin aikin, wanda zai iya jan sa gefe ya ce masa abin da ya yi jiya bai dace ba, kafin maganar ta shiga takarda. Ya yi shiru, sai ya yi dariya, ya ce Allah zai kawo.

Allah zai kawo, amma ni dai na ga abin da rashin irin wannan mutum yake yi wa baƙo, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Matasanmu masu fita aikin lafiya ƙasashen waje suna kashe kuɗi da shekaru a kan jarabawa: IELTS ko OET don Turanci, PLAB ga likita mai nufin Birtaniya, CBT da OSCE ga ma'aikaciyar jinya, USMLE ga mai hangen Amurka. Wasu har gona ake sayarwa. Duk wannan ƙofar shiga ce kawai. Abin da ke raba wanda zai zama babban likita bayan shekara takwas da wanda zai ƙare yana yawon aikin wucin gadi daga wannan asibiti zuwa wancan, galibi shi ne ko ya sami ubangida, ko ta sami uwarɗaki, a shekarar farko.

Kuma ba mutane kaɗan ake magana a kansu ba. A 2025 ministan lafiya na Najeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci fiye da dubu 16 sun bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai. A 2022, fiye da rabin sababbin likitocin da suka shiga rajistar GMC a wajen Birtaniya suka yi karatu. A ɓangaren jinya kuwa, in ka cire Indiya da Filifin, babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu rajista daga waje. Ga kuma masu tafiya Saudiyya da Kanada da Amurka. Asibitocin gwamnatin Birtaniya, waɗanda ake kira NHS, ba za su wayi gari lafiya ba in baƙi suka ajiye aiki. Da korona ta yi ƙamari a Maris na 2020, likitocin farko da ta kashe a ƙasar baƙi ne: Adil El Tayar da Amged El-Hawrani 'yan asalin Sudan, Habib Zaidi ɗan asalin Pakistan, da Dakta Alfa Saadu na Pategi a jihar Kwara, wanda ya yi kusan shekara arba'in yana aiki a can.

Bari in ba da nawa labarin, don kada a ce daga nesa nake hange. Na zo Ingila da shekara shida na aikin likita a bayana, na ga cututtukan da abokan aikina Turawa a littafi kawai suka san su. Ciwon sikila, tarin fuka, sanƙarau, jijjigar masu ciki, waɗannan duk a tafin hannuna suke. Na ɗauka ba abin da zai ba ni tsoro. A gida an koya mini cewa ƙaramin likita nagari shi ne wanda ba ya tada Cif, wato babban likita, da dare. Ka yi ta fama, ka yi dabara, da safe ka kai rahoto cikin ladabi, kanka a sunkuye. Wanda ke yawan kiran babba cikin dare, rago ake ɗaukarsa. Da wannan tarbiyya na shiga aikin dare a Ingila. Wani dare na riƙe wani tsoho mai matsalar numfashi har asuba ni kaɗai, ya kuma samu sauƙi, na fito ina jin kaina. Ashe nas ɗin da ke kan aiki ta rubuta cewa sau biyu ta ba ni shawarar in kira babba na ƙi.

Abin da ya cece ni wata babbar likita ce 'yar asalin Indiya, wadda ta zo ƙasar tun ina firamare. Ta kira ni ofishinta, ta haɗa mini shayi, ta ce ita ma da irin wannan kai ta zo. Ta ce a nan ba wanda zai yaba maka don ka sha wuya kai kaɗai, abin da za a tambaya shi ne ƙarfe nawa ka kira babba, me ka ce masa, kuma ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Ta ce abin da ba a rubuta ba, a idon shari'a ba a yi shi ba. Sannan ta fassara mini Turancin Turawa, wanda ba ya cikin IELTS. In babba ya ce maka wataƙila za ka so ka sake duba kaza, umarni ne ya ba ka. In ya ce abin da ka yi yana da ban sha'awa, ka koma ka bincika, akwai matsala. In nas ta ce ta ɗan damu da wani majiyyaci, ka ajiye abin da ke hannunka ka tafi. Ta kuma hana ni ce mata "Ma", ta ce in kira sunanta tsirara. Wata biyu harshena yana ƙin yarda.

Minti arba'in muka yi. Da ba ta yi ba, da takardar nas ɗin ta zama ta farko a cikin fayil, ta biyu ta biyo, ni kuwa ina nan ina sunkuyar da kai ina ganin ladabi nake yi, su kuma suna karanta shi a matsayin taurin kai ko ɓoye-ɓoye. Kallon ƙasa da mu muke ɗauka girmamawa, su rashin gaskiya suke gani a ciki.

Wani zai ce wannan labarin mutum ɗaya ne. To, GMC da kanta ta sa an yi bincike, aka fitar da rahoto a 2019, aikin Dakta Doyin Atewologun da Roger Kline. Dalilin binciken shi ne an lura asibitoci suna kai ƙarar likitocin da ba farar fata ba gaban hukumar fiye da ninki biyu na yadda suke kai Turawa, wanda kuma ya yi karatu a waje ana kai ƙararsa ninki biyu da rabi na wanda ya yi a gida. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin dalilan da suka gano shi ne wannan: shugabanni da yawa suna jin nauyin gaya wa baƙo gaskiya ido da ido, musamman in launin fatarsu ya bambanta, sai su yi shiru har ƙaramin kuskure ya girma, daga nan sai takarda. Ɗan gida kuwa tun a wurin shan shayi an ja masa kunne, magana ta mutu. Rahoton ya kuma ambaci rashin kyakkyawar tarba ga sabon zuwa, da yadda ake tura baƙi wuraren da suke aiki su kaɗai ba mai duba su. Wato wariyar ba kullum take zuwa da zagi ba. Wani lokaci da murmushi take zuwa, da "ba komai", har ranar da wasiƙa za ta iso.

Ba kuma yau aka fara ba. A 1993 wasu likitoci biyu, Aneez Esmail da Sam Everington, suka aika takardun neman aiki iri ɗaya zuwa asibitoci, wasu da sunan Turawa wasu da sunan 'yan Asiya. Masu sunan Turawa sun ninka sauran wajen samun gayyatar ganawa. Ladan da suka fara samu shi ne 'yan sanda suka kama su bisa zargin zamba. In sunanka kaɗai yana iya rufe maka ƙofa, ka ga amfanin mutumin da zai ɗaga waya ya ce, "Na san shi, na yi aiki da shi, ku gan shi."

Duk Bahaushen da ke aikin lafiya a Birtaniya ya san sunan Dakta Hadiza Bawa-Garba. Ranar 18 ga Fabrairun 2011, a asibitin Leicester Royal Infirmary, aka kawo wani yaro ɗan shekara shida, Jack Adcock, mai lalurar Down da matsalar zuciya, yana amai da gudawa. Da daren ranar ya rasu, ƙwayoyin cuta sun bazu a jininsa. Hadiza ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa na fiye da shekara ba. An bar mata aikin da ya fi na mutum ɗaya, babban likitan da ke kanta yana wani gari yana koyarwa har zuwa yamma, kwamfutar da ke fitar da sakamakon gwajin jini ta lalace na sa'o'i. Ta yi kurakurai, ita ma ba ta musa ba, kuma iyayen yaron sun yi rashin da ba a mayarwa. A Nuwamban 2015 kotu a Nottingham ta same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, aka yanke mata ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka. Wata nas 'yar Fotugal, Isabel Amaro, ita ma aka same ta da laifi. A 2017 kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da Hadiza na shekara guda, GMC ta ce bai isa ba, ta ɗaukaka ƙara, a Janairun 2018 aka soke sunanta daga rajista. Likitoci suka tashi, suka tara mata fiye da fam dubu 300, a Agustan 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata da lasisinta. Sai a 2021 aka cire mata duk wani sharaɗi.

Akwai abu ɗaya a cikin shari'ar da nake yawan komawa kansa. Da yamma, lokacin miƙa aiki, ta gaya wa babban likitan sakamakon gwajin jinin yaron, amma ba ta ce masa kai tsaye ya zo ya duba shi ba, shi ma bai je ba. Ba zan ɗora wannan a kan kunyar Hausa ba, domin a Ingila ta yi karatun likitanci. Abin da nake so ƙannena su gani shi ne, in wadda ta yi makaranta a nan, ta san harshen ta san tsarin, za ta iya samun kanta ita da nas baƙuwa a gaban alƙali alhali gazawar ta asibiti ce gaba ɗaya, ina ga wanda ya sauka daga jirgi wata biyu da suka wuce? Kuma waɗanda suka tsaya mata, har da ƙungiyar likitoci 'yan asalin Indiya ta BAPIO da manyan likitocin yara da suka yi aiki da ita suka shaide ta, su ne irin mutanen da nake cewa a nema tun kafin ranar wuya.

Abin mamaki, mu Hausawa ba baƙin wannan tsari ba ne. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba su taɓa shiga gari haka kawai ba. Akwai zango, akwai fatoma ko maigida, wanda zai sauke ka, ya ajiye maka kaya, ya gaya maka wane dillali ne mai amana, wane ne zai cuce ka, in rigima ta tashi shi zai tsaya maka gaban sarki. Daga Sabo ta Ibadan har zangon Kumasi haka abin yake. Da ɗan gari akan ci gari. Sai ga shi jikokinsu masu digiri suna shiga ƙasar da ta fi Gwanja nisa da wuyar hali, suna ganin takardar jarabawa ta ishe su.

Ba raina guruf ɗin WhatsApp nake yi ba. Shi ke samo wa mutum ɗaki, ya nuna masa inda ake sayar da naman halal da garin tuwo, ya ba shi tsofaffin tambayoyin jarabawa. Amma yawancin waɗanda ke ciki tare suka zo, makaho ne ke jan makaho. Na sha ganin shawarar da za ta iya kai mutum gaban hukuma tana yawo a irin waɗannan wurare, ana ta tura mata alamar yabo.

Mu 'yan Arewa kuma muna da ƙarin matsala. Abokan aikinmu na Kudu sun riga mu fita da shekaru masu yawa. Yaron da ya gama a Ibadan ko Inugu, da wuya ya rasa wani tsohon ɗalibin makarantarsu da ya zama babban likita a Landan ko Hustan. Ƙungiyoyin likitocin Najeriya irin su MANSAG a Birtaniya da ANPA a Amurka suna nan tun shekarun 1990, ƙofarsu a buɗe take ga kowane ɗan Najeriya, amma namu ba su cika shiga ba. Sai mu koma gefe, mu da mu, a masallaci da wurin suna. A Amurka abin ya fi tsanani, domin ko ka ci USMLE da maki mai kyau, samun gurbin horon ƙwarewa yana buƙatar wasiƙun shaida daga likitocin da suka gan ka kana aiki a can. Wanda ba shi da kowa, wa zai rubuta masa? Matanmu kuma nasu ya fi. Yarinya mai hijabi da za ta shiga ɗakin tiyata tana buƙatar wadda ta riga ta, ta gaya mata abin da dokar asibiti ta yarda da shi game da rufe kai da naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu, da yadda ake neman haƙƙi ba tare da an zama abin nuni ba. Wannan ba tambayar da za ta yi wa Bature namiji ba ce a makon farko.

Na fi jin tausayin masu jinya da masu kula da tsofaffi. Likita ko ba komai yana da wani babba da aka rubuta sunansa a matsayin mai duba shi. Wadda ta zo da bizar kula da tsofaffi, bizarta a hannun mai gidan da ya ɗauke ta take, in ya kore ta kwanakinta a ƙasar ƙidayayyu ne. Da yawa sun biya dillalai miliyoyin naira suka iso suka tarar babu aikin. Daga Maris na 2024 aka hana su zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Nas ƙwararriya da ta yi shekara goma tana karɓar haihuwa a gida, sai ka same ta a matakin farko na albashi shekara da shekaru, yaran da ta koya wa aiki suna wuce ta, don ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake cika takardar neman ƙarin girma da yadda ake yabon kai a gaban masu ganawa. Mu an koya mana yabon kai jahilci ne. A nan in ba ka faɗi abin da ka yi ba, ba ka yi ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. A wasu ƙananan hukumomin Arewa likita ɗaya ne ke riƙe da babban asibiti. Wanda ke taimaka wa matasa su zauna daram a Ingila, ba yana taya ɓera ɓari ba ne? Wannan tambaya tana hana ni barci wani lokaci, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya riga ya tafi ya tafi. An gwada tsare mutane da doka: a 2023 Ganiyu Johnson ya kawo ƙudiri a majalisar wakilai na a hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida, likitoci suka yi ca a kansa. Barin wanda ya fita ya lalace a waje ba ya ƙara wa Gusau ko Damaturu likita ko ɗaya. Wanda kuwa ya samu horo ya ƙware shi ne ke da abin da zai kawo, ko ya dawo gaba ɗaya ko ya riƙa zuwa yana tiyata da koyarwa. Shi kansa Pate daga Jami'ar Ahmadu Bello ya fito, ya bi ta Gambiya, ya yi horon ƙwarewa a Amurka, sannan ya dawo. Wanda ya ƙare a aikin wucin gadi da takaici, ko kuɗin jirgi ba ya iya tarawa, balle ya koyar da wani.

Laifin farko na asibitocin da ke ɗaukar baƙi ne. Ƙasar da ta samu likita ba ta kashe ko kwabo a karatunsa ba, bai kamata ta yi ƙyashin ba shi makonni yana bin wani a baya kafin a bar masa aikin dare ba. GMC tana da wani taron rabin yini kyauta na maraba da sababbin zuwa, yana da amfani, amma rabin yini ba ya sauya tarbiyyar shekara talatin. Kuma aikin riƙe hannun baƙo a daina barinsa a matsayin sadaka. Matar da ta zaunar da ni, daga lokacin cin abincinta ta ɗiba. In asibiti na son abin ya ɗore, ya ware wa irinta sa'o'i a cikin jadawalin aiki, ya biya ta.

Amma mu da muka riga zuwa ma akwai namu. Na san manya 'yan Najeriya da suka ɗauko sarautar asibitin koyarwa suka kawo nan, ƙarami ya gaishe su su amsa da hanci. Akwai masu cewa ni ma ba wanda ya taimake ni, kowa ya sha tasa. Akwai kuma masu gudun a gan su da baƙar fata ɗan'uwansu kada a ce suna ɓangaranci, alhali Turawa suna yi wa nasu hanya a gabansu kullum ba wanda ya kira shi da wani suna. Su ma ƙananan ba su kuɓuta ba: sai mutum ya ɓace shekara biyu, ranar da yake son wasiƙar shaida ya turo maka "Salam Cif" da ƙarfe sha ɗayan dare. Kuma kada baƙo ya nace sai Bahaushe ko sai Musulmi. Tawa uwarɗakin Bahindiya ce, wanda ya fara rubuta mini wasiƙar shaida kuma Bature ne ɗan Sikotlan da ban taɓa jin ya ambaci Allah ba.

Shi ƙanen nawa ya fara aiki. Na sa shi ya yi abin da ya ce yana jin nauyi: ya sami babbar nas ta sashensu a makon farko, ya ce mata shi baƙo ne, in ta ga ya yi wani abu ba yadda ake yi a nan ba, ta gaya masa a fuskarsa. Ya ce ta dube shi kamar ba ta taɓa jin likita ya faɗi haka ba. Bayan kwana huɗu ta tare shi a hanya, ta ce rubutunsa a fayil ya yi gajarta, kuma ya daina ce wa majiyyata "kada ka damu" kafin ya ji abin da ke damunsu. Ya kira ni da daddare yana ƙorafi, wai matar ta cika sa ido. Na ce masa gobe ya saya mata kofi.